Buhu Biyu na Taki Mai Kyanwa

A tashar Maraɗi na fara ganin Ilu, kuma da ina da wayo da a nan muka rabu. Shi mutumin Turba ne, ni na Gatawa, don haka da ya ji bakina sai ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya, ya ce Bagobiri ba ya barin ɗan'uwansa ya kama hanyar Agadas shi kaɗai. Ya karɓi ledar ƙuli-ƙulin da ƙanwata ta yi mini guzuri, wai kada ta yi mini nauyi. Ban ƙara ganin ledar ba, amma na yi ta jin ƙamshinta a bakinsa har muka wuce Tawa.

Sunana Nomau, don tsakiyar damina aka haife ni, kuma ban da noma ban iya komai ba sai ɗan Faransancin kasuwa da na tsinta wajen kai kaya Nijar. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu taka gonarmu ta gabas da gari, Baba ya kwashe mu muka koma Isa, ɗaki biyu a gidan ƙanwarsa. Na yi wata biyar ina kallonsa yana wasa fartanyar da ba inda zai kai ta. Abin ya ishe ni, na kama hanya.

A Agadas Ilu ya sayar mini da jarka naɗe da buhu, ya ce irin ta Buzaye ce, ruwa ba ya zafi a cikinta. Bai yi ƙarya ba. Ruwan bai samu damar yin zafi ba, domin kafin rana ta biyu a sahara ya tsiyaye ta gindi ya jiƙe wandon wani ɗan Gana da ke zaune ƙasa da ni a bayan mota. Mutumin nan da ya kamata ya mare ni, shi ya riƙa tsiyaya mini ruwa a murfin jarkarsa sau uku a yini har muka fita daga rairayi. Ban san sunansa ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Libiya kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Na yi shekara ɗaya da 'yan watanni ina ɗaukar bulo, na ga mai gini da ya sa mu aikin sati uku, ranar sallama ya fito da bindiga ya nuna mana ƙofa. Na kuma ga tsoho mai gidan burodi da yake ajiye mini guda biyu kowace safiya, bai taɓa tambayata daga ina nake ba. Sauran abin da na gani can ba na dariya ba ne, kuma na yi wa kaina alkawarin Inna ba za ta ji shi ba.

Daga nan sai teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Bunsuru in ya cika ba, sai ga ni a jirgin roba, ba gaɓa gabas ba gaɓa yamma. Ilu ya sha gaya mini cewa tun yana yaro ya iya iyo. Da jirgin ya fara rawa, shi ya shaƙe mini wuya da hannu biyu yana salati da ƙarfi har wata mata ta roƙe shi ya rage murya. Allah ya kawo jirgin ceto, aka kwashe mu kamar jiƙaƙƙun kaji aka sauke a kudancin Italiya.

A sansanin baƙi aka ba ni wata takarda mai hotona. Wani tafinta ya yi mini bayani dalla-dalla: takardar nan tana da wa'adi. In kafin ta ƙare na sami mai gida da zai sa hannu cewa ni ma'aikacinsa ne na shekara, za a sabunta. In ban samu ba, ko a mayar da ni, ko in shiga ɓuya. Daga ranar ba ni da wani tunani sai na sa hannun nan. Na ratsa sahara da teku, yanzu duk rayuwata ta rataya a bakin biron mutumin da ban ma san shi ba.

Da kaka ta zo aka ce ana neman masu tsinkar inabi a wata gona kan tudu. A nan na haɗu da Baba Nino. Tsoho ne gajere mai faɗin hannu, wandonsa da faci a gwiwa biyu, motarsa kuwa sai an tura take tashi. Gonar ta kakan kakansa ce, gidan ma haka. Matarsa ta rasu, yana zaune da 'yarsa Karla, wadda ta iya Faransanci, da wata ƙatuwar kyanwa da ta fi wasu mutanen garinmu gata, don har katin asibiti gare ta. Ranar farko na ci inabi kamar ba gobe. Rana ta biyu na fi yin zirya bayan gida fiye da tsinka, Baba Nino ya yi ta dariya yana nuna cikinsa, ya kawo mini shinkafa fara ba mai.

Ni a tunanina kasuwa ake kai inabin. Rana ta huɗu na bi tarakta da kwanduna har ƙofar wani ɗaki da ke ƙarƙashin gidan. Ana buɗe ƙofa wani wari ya buge ni, irin wanda na taɓa ji sau ɗaya a bayan barikin soja. Na leƙa na ga manyan ganguna na katako jere, da kwalabe baƙaƙe har rufi. Na ajiye kwando a bakin ƙofa na ja da baya ina innalillahi. Ashe jar giya suke yi, kuma tun kakanni da ita aka san gidan.

Na kira wani malaminmu na Isa a waya, na roƙe shi ya rufa mini asiri, na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce, "Nomau, ba ni ce maka abin ga ya yi kyau. Amma icce dai Allah yah halicce shi. Ka tsaya ga ƙasa da icce. Kak ka matse, kak ka zuba, kak ka ɗauki kwalba. In Allah ya buɗa wata ƙohwa, ka bi ta."

Na je na sami Karla da Faransancina na kasuwa na ce mata ni aikin gona kawai zan yi, ɗakin ƙasa kuwa ko inuwata ba za ta shiga ba. Ta gaya wa tsohon, ya ɗaga kafaɗa ya ce ya fi son haka, dama masu son shiga ɗakin sun yi masa yawa. Da aka sallami masu tsinka, ni ya riƙe. Kowace Asabar baƙi kan zo da motoci, Karla ta tsaya da su a ƙofar ɗakin da kwalba a hannu tana yi musu dogon bayani, suna gyaɗa kai suna shinshina kofi. Ni kuwa da na hango su sai in ɗauki fartanya in nufi can ƙarshen gona. Da na tsaya ko sau ɗaya na saurari bayanin nan, da ban yi abin da na yi ba.

Mutanen nan sun riƙe ni da kyau, ba zan ɓoye ba. Tukunyata daban, ba a taɓa sa mata naman alade ba. Da sanyi ya shigo, irin wanda ke shiga ƙashi, Baba Nino ya ba ni rigar ulu ta ƙanensa. Da azumi kuwa, tsohon nan da ba ya salla sai ya ƙi cin abincin yamma har sai rana ta faɗi, ya zauna yana duban agogo yana duban tudu, in lokaci ya yi ya buga tebur ya ce, "Nomo!" Haka yake kirana. Akwai ranar da na sha ruwa na tuna kunun Inna, hawaye ya zubo mini cikin miya. Ya tura mini burodi.

Amma fa a matsayina na manomi, gonar nan ta dame ni. Ciyawa ce tsakanin layuka har gwiwa, ba mai fesa mata magani. Da sanyi sai a kira wani makiyayi ya sako tumaki su yi ta yawo ciki. Wata rana muka shuka wake tsakanin layukan, ya fito ya yi kyau ya fara fure, ina murna za mu ci, sai Baba Nino ya hau tarakta ya bi ta kansa ya binne shi duka cikin ƙasa. Ranar ban iya cin abinci ba. Ga tulin kashin shanu a bayan gida yana juya shi da hannunsa kamar mai tuƙa tuwo. Gonar maƙwabcinsa kuwa fes, ba ko tsinken ciyawa, ana fesa mata magani a kai a kai, nonon inabinta manya-manya.

Wata rana na nuna masa gonar maƙwabcin, na yi masa alamar watsa takin zamani da hannu. Tsohon ya ɓata rai, ya kaɗa yatsa, ya tofar da yawu gefe, ya dafa ƙasa ya yi wata magana. Na san wannan tofin. Haka babana yake yi a gida. A wajenmu magidancin da ba shi da halin sayen taki ba ya cewa ba shi da hali. Sai ya tofar da yawu ya ce, "Ni ƙasata ba ta son shi, ƙona ta shika yi." Kowa ya san gaskiyar, kowa ya gyaɗa kai. Na dubi facin wandon Baba Nino, na dubi motarsa, na ce wayyo, ashe har Turai akwai mai rufin asiri.

Abin da ya fi ba ni tausayi wasu layuka bakwai ne a can saman tudu. Itatuwan sun tsufa, sun karkace, kauri kamar cinyar mutum, amma kowane bai fi nono uku ko huɗu yake bayarwa ba, 'ya'yan kuma ƙanana. Kakansa ne ya dasa su. Kullum da safe sai ya je ya shafa su yana yi musu magana. Ni kuwa na duba na ce yunwa ce ke damunsu, ba wani abu ba.

To, a garinmu in kana son taimakon irin wannan mutum, ba ka kai masa buhu gaban jama'a ka kunyata shi. Ajiye masa ake yi bayan rumbu, ko a zuba masa a gona ba da saninsa ba, in hatsi ya yi kyau ya ce albarka ce, kai ma ka ce albarka ce. Na ƙudura haka zan yi wa Baba Nino. Ba zan yi ƙarya ba, akwai kuma lissafin cewa in ya ga tsofaffin itatuwansa sun cika da 'ya'ya, biro ba zai yi masa nauyi ba.

Ilu a lokacin yana cikin gari yana sayar da laima da tabarau a bakin tasha. Na same shi na gaya masa buƙatata.

"Taki? Ai ka zo gida," in ji shi. "Amma nan ƙasar ba a saida ma baƙo taki sai da takarda. Ni ɗai nas san hanya. Ka dawo jibi."

Jibi na dawo na tarar da buhu biyu, masu kyau, da rubutun Italiyanci, da hoton wata farar kyanwa tana murmushi.

"Ilu, mi ya kawo kyanwa ga buhun taki?"

"Kai dai baƙauye na. Gida ba ka ganin shinkahwa mai giwa, ashana mai zakara? Tambarin kamfani na. Wanga shi aka ce ma mai kyanwa, ya hi kowane ƙarhi."

Na buɗe na ɗebo. Tsaba-tsaba ne, toka-toka, kamar na gida. Na sa ɗaya a harshe, don takin gaske yana da ɗaci da gishiri-gishiri. Wannan kuwa lami.

"Ba shi da ɗaci, Ilu. Kamar yumɓu."

"Na Turai na, an cire mai ɗacin don kas shi ƙona hannu. Kai komi sai ka gwada da Gatawa?"

Na ji kunya, na biya, na ɗora buhunan a keken da Karla ta ara mini.

Ranar Lahadi da safe, da uba da 'ya suka tafi coci, na hau tudu. Na yi aikin yadda babana ya koya mini: a haƙa ɗan rami taku ɗaya daga gindin itace, a zuba cikin tafi guda, a rufe, a taka. Layi bakwai, ban tsallake ko itace ɗaya ba, ina yi ina bisimilla. Buhunan kuwa na kakkaɓe na naɗe na sa ƙarƙashin katifa, don Bahaushe ba ya yar da buhu. Bayan kwana biyu aka yi ruwa. Na je na tona na ga takin bai narke ba, ya dunƙule ya yi curi. Na ce na Turai ke nan, a hankali yake sakin ƙarfinsa. Na kuma lura kyanwar gidan ta tare a layukan nan, tana tono tana tsugunawa, har da wasu biyu na maƙwabta. Na ɗauka tambarin ne ya yi daidai da kayan.

Saura kwana goma sha ɗaya takardata ta ƙare, Karla ta ce mini ranar Juma'a babanta zai sa hannu. Na yi sujada a nan cikin ciyawa. Ta ce amma kafin nan, ranar Alhamis akwai mai duba gona da za ta zo daga hukuma, don haka Laraba za mu share ɗakin ajiyar kayan aiki.

Muna shara ta ce in na ga kowane buhu ko galan da ban gane ba in nuna mata. Na tambaye ta dalili. Ta je ta ɗauko kwalba ɗaya, na mayar da hannuwana baya na tsaya daga nesa, ta nuna mini wani ɗan koren ganye da aka buga a jikin takardar kwalbar.

"Ka ga wannan? Shi ne shaidar cewa ba takin zamani ko maganin feshi na kamfani da ya taɓa gonarmu. Saboda shi mutane ke zuwa daga nesa su saya. Matar da za ta zo gobe tana duba ɗakin nan, wani lokaci ta ɗebi ƙasa da ganye ta kai a auna. In aka sami ko kaɗan, za a cire mana ganyen, sai mun shekara uku kafin a mayar."

Na ce, "Ko a layi kaɗan ne?"

"Ya danganta da layin. Bakwai ɗin can na sama, su ne gidan nan gaba ɗaya. Kwalbarsu ɗaya ta fi goma na maƙwabcinmu daraja. Baba ya ce gara a yanke masa hannu da a zuba musu wani abu."

"To ba talauci ne ya hana shi sayen taki ba?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Talauci? Wa ya ce maka?"

"Wandonsa."

"Son wandon yake yi."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Garin gyaran gira na tsone ido. Na ce mata cikina ne ya motsa, na fita na zauna bayan tulin kashin shanu, inda ba mai zuwa. In na yi shiru, wataƙila matar ba za ta ɗebi ƙasa daga sama ba, Juma'a a sa mini hannu. In ma ta ɗeba, kafin sakamako ya fito takardata ta fita. In kuwa na faɗa, na san inda zan kwana. Na tuna sahara, na tuna teku, na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a jirgin roba.

Da la'asar na kira Baba a waya can Isa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na yi ɓarna ga gonar mai gidana, shi bai sani ba." Na kwashe duka na gaya masa, ina kewaye zancen abin da ake yi da inabin.

"Bar kewaye-kewaye," in ji shi. "Na san abin da aka yi da inabin ga. Malam ba shi riƙe magana, tun bara yah hwaɗa min. Wagga tsakaninka da Allah ta, ka yi ta neman mahita. Amma mutum ya ba ka amanar gonar kakanai, ya jira ka shan ruwa da azumi, kai kuma ka karɓi sa hannunai da ƙarya cikin bakinka? Ba ni na haihe ka ba in ka yi haka."

"Baba, in na hwaɗi, koro ni za su yi."

"To ka dawo. Ɗaki biyu na, mu ƙara matsawa."

Alhamis da sassafe na sami Baba Nino a saman tudu yana gaisawa da itatuwansa. Na kira Karla ta yi mana tafinta. Na cire hula na tsuguna gabansa yadda ake yi wa manya. Ya zaci ciwon cikin ne ya dawo, ya fara nuna hanyar bayan gida. Na ce a'a, na faɗi abin da na yi, tun daga tofin yawunsa har zuwa Lahadi. Karla ta yi fari fat, sannan ta juya masa maganar. Da ta juya, tsohon bai yi tsawa ba. Ya taka a hankali zuwa gindin itacen da ya fi tsufa, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu faci, ya tona da yatsu ya ciro curi ɗaya. Na gwammace ya ɗauki fartanya ya sara mini.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Karla ta ce, "Ya ce in matar ta zo, shi da bakinsa zai gaya mata. Ya ce ka kawo buhun a ga ko wane iri ne."

Na ruga ɗaki na zaro buhunan daga ƙarƙashin katifa. Ina dawowa motar mai duba gona na tsayawa, wata doguwar mata da tabarau da jaka. Ta tarar da mu tsaye cirko-cirko. Na miƙa wa Karla buhu. Ta buɗe naɗin, ta ga kyanwa, ta karanta rubutun, ta sake karantawa. Sai ta zauna daɓas cikin ciyawa ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Na ce shi ke nan, abin ya kai a yi kuka. Ashe dariya ce ta hana ta numfashi.

Matar ta karɓi buhun, ta duba gaba da baya, ta karɓi curin daga hannun Baba Nino ta murtsuke ta shinshina, sannan ta yi sauri ta goge hannunta da ciyawa. Ta yi wa tsohon bayani, ya buɗe baki ya dube ni, ya dubi kyanwarsa da ke tsugune a layi na uku tana harkar gabanta.

Sai da Karla ta samu numfashi ta ce, "Nomau, wannan ba taki ba ne. Ƙasar da ake zuba wa kyanwa a tire ce ta yi kashi a ciki. Yumɓu ne zalla, ba a haɗa shi da komai ba. Matar ta ce ita ma irinsa take saya wa nata."

Matar dai ta ɗebi ƙasar a 'yar leda don cika aiki, ta yi rubutu mai tsawo, tana yi tana cije leɓe. Ta ce a shekarunta na aiki ta ga masu ɓoye magani a rijiya da cikin rufi, amma ba ta taɓa rubuta irin wannan ba.

Na yi hamdala, gaskiya ne. Amma bayan hamdalar wani baƙin ciki ya taso mini. Ni Nomau, manomi ɗan manomi, wanda ake kira ya duba taki a kasuwar Sabon Birni kafin a saya, ni ne na bi layi bakwai da bisimilla ina gina wa kyanwowin unguwa masai.

Baba Nino ya tambayi me ya sa na yi. Na ce a garinmu haka ake yi wa mutumin kirki in an ga ya gaza, ba a bari ya sani. Na ce babana ya shekara talatin yana cewa ƙasarsa ba ta son taki, alhali ko wace damina sai na gan shi yana kallon buhunan mutane. Na ce mu kashin shanu muke samu, mu roƙi Fulani su sauka a gona bayan girbi, mu ba su damin gero. Da Karla ta juya masa wannan, tsohon ya kama kafaɗata ya girgiza, ya nuna inda tumaki ke kwana, ya nuna tulin bayan gida. Wai abin da yake yi ke nan, kuma abin da baƙin Asabar ke biyan kuɗi su ji labarinsa ke nan. Mu muna yinsa muna jin kunya.

Ranar Juma'a ya sa hannu, a teburin waje, ba a ɗakin ƙasa ba. Ya zuba wa kansa jar giyarsa ta layukan sama, ni kuma Karla ta kawo mini ruwan inabi dafaffe da ba a bari ya yi tsami ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk kyautar da zan yi wa itatuwansa, in fara nuna masa buhun. Sannan ya sa ni na bi layi bakwai na tone abin da na binne. Wannan aikin ban yi shi da bisimilla da ƙarfi ba.

Na je gari neman Ilu da niyyar in karya masa laima a ka. Ya saurare ni har na gama, ko gezau.

"To da na ba ka na gaskiya fa? Da yanzu kana Isa kana wasa hwartanya da tsoho. Ni nac cece ka, Nomau. Ko goro ba ka kawo min ba."

A karon farko tun Maraɗi, gaskiya ya faɗa.

Da yamma na kira Baba na ce an sa hannu. Ya yi godiya ga Allah, ya sa na maimaita zancen kyanwar sau biyu, ina jin Inna da ƙannena suna ƙyalƙyatawa a bayansa. Sannan na ce, "Baba, kun san wani abu? Nan ƙasar, gonar da tash shekara ukku ba taki ba magani, takarda aka ba ta ta girmamawa. Kayanta sun hi na kowa tsada. Wata mata ka zuwa da mota ta duba."

"Shekara ukku?"

"Ukku."

Na ji dariyar bayansa ta tsaya.

"To tamu ta gabas da gari ta cika, bana ukku daidai da 'yan bindiga sunka hana mu taka ta," in ji Baba. "Ka hwaɗa ma matar ta zo ta ba ta takardar. In ta samu ta isa, ta duba min ko tsamiyar nan ta bakin iyaka tana nan."